Yadda Ake Maganin Yaran da Ke Buga Ƙofa Su Gudu

Abin da ke ba yaran unguwa daɗi a wannan wasa shi ne fitowar mai gida. Sun kwaɗa wa get dutse, sun sheƙa sun laɓe a kangon da ke kusa, sai ga ka nan ba hula, silifa ɗaya a ƙafa, kana zage-zage kana waige-waige. Ranar da ka bi su da gudu har ƙarshen layi, ka sa gidanka a sahun gidajen da ake zuwa kullum. Sababbin zuwa unguwa sun fi faɗawa wannan tarko, musamman a wuraren da gini bai gama cika ba, irin gefen Gesse da Badariya a Birnin Kebbi ko Damba a Gusau, inda kowane layi akwai kango biyu ko uku na ɓuya.

Saboda haka matakin farko shi ne mako guda cur ba wanda zai fito. Ka tara mutanen gida ka faɗa musu, har da maigadi da yaranka, domin sau da yawa ɗan gida ne ke leƙowa ya yi ihu ya ɓata shirin. Ka'idar ita ce ba a buɗe ƙofa a bugun farko. Baƙon gaske zai yi sallama, zai tsaya, zai sake bugawa, ko ya kira waya. Mai wasa ba ya tsayawa ya buga na biyu. Ka sa a ranka cewa kwana biyu ko ukun farko abin ƙaruwa zai yi, domin da suka ji shiru za su ƙara ƙarfin bugu su ga ko za ka motsa. Nan ne mafi yawan mutane ke karaya, su fito da dorina a rana ta uku, sai su koya wa yaran cewa in aka dage mai gida zai fito.

A cikin makon nan ka riƙa rubuta lokacin kowane bugu, ko a waya ne. Lokacin shi zai faɗa maka su waye. In kusan magariba ne, 'yan Islamiyya ne a hanyar komawa gida. In tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu na rana ne, 'yan boko ne da aka tashi, kuma shi ya fi ciwo a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 mutum ya samu ya ɗan kishingiɗa. In bayan isha'i ne, daren farin wata ko sa'ad da aka ɗauke wuta, to yaran layinka ne ko na bayansa, domin ƙaramin yaro ba ya nisa da gida da dare. Da azumi abin kan yi yawa bayan asham. Amma kada ka haɗa wannan da tashe: masu tashe suna tsayawa su yi wasansu a gabanka, a ba su ɗan abin da ya samu ko a ba su haƙuri.

Sai gyaran ƙofar kanta

Yawancin wannan aikin mai walda ne na rabin yini. Fara da sakatar waje. Get mai sakata a waje wadda ba a kulle ta ba gayyata ce, za su zura ta su kulle ku a ciki, kuma wannan ya wuce wasa ranar da gobara ta tashi ko mai naƙuda na son fita. Ko a cire ta, ko a huda mata rami na biyu yadda za ka sa mata kwaɗo tana a buɗe. Daga nan a huda ramin leƙe daidai idonka, faɗinsa kada ya wuce kan ɗan yatsa, a sa masa ɗan marfin ƙarfe ta ciki. In ba marfi, za su cusa tsinke ko su watso ƙasa.

Madannin ƙararrawa a ɗaga shi zuwa kamar mita 1.8 daga ƙasa. Masu haɗa wuta kan sa shi daidai ƙirjin babba, wato daidai hannun ɗan shekara bakwai. Ɗagawar ba ta hana mai sanda, amma tana rage ƙananan. Wanda ya fi sauƙi ma shi ne a sa makashi a ciki, a kashe ƙararrawar a lokutan da ka rubuta.

Ragowar tsakuwa da fasassun bulo da magina suka bari a ƙofar gida a kwashe su yau. Yaro ba ya ɗauko dutse daga gidansu, wanda ya tarar a wurin yake ɗauka. Haka reshen mangwaro ko gwaba da ya leƙo ta katanga: ba kwanon rufinka ake jifa ba, 'ya'yan itacen ake nema da danƙo, kwanon ne ke shan wahala, da damina kuma ka ga yoyo. A sare reshen, ko in sun nuna a tsinke a raba musu a ƙofar gida.

Fitilar sola mai kunna kanta idan an gifta ta fi kyamara amfani a kan kuɗinta. A kafa ta mita biyu da rabi zuwa uku, inda rana ke dukanta sosai, ba ƙarƙashin inuwar dogon yaro ba, kuma da hunturu a riƙa goge ƙurar da ke kan farantinta duk mako, in ba haka ba ƙarfe tara na dare ta mutu. Kyamara kuwa sai mai hali, kuma wadda ta dogara da wutar NEPA kawai asarar kuɗi ce, tunda lokacin da aka ɗauke wutar ake zuwa. In za ka saya, ka nemi mai batir da mimori, kada ka fuskantar da ita yamma inda hasken la'asar zai wanke hoton, kada kuma ta leƙa cikin gidan maƙwabci. Tsohuwar waya da aka jingina a taga tana ɗaukar bidiyo na rabin sa'a a daidai lokacin da ka riga ka sani, ita ma ta wadatar.

Gano yaron

Kada ka kama wanda ka tarar. Wanda ya buga ya fi kowa gudu, wanda ake cafkewa shi ne ƙaramin da ke bin su a baya, ko almajirin da ya zo wucewa da robarsa. Almajirai sun sha duka a kan laifin 'ya'yan masu gida, alhali wanda ke jiran ɗumame daga gidanka ba shi da dalilin tsokanarka. Kada kuma ka tara yara ka ce su faɗi wanda ya yi, sunan wanda suke faɗa da shi za su ba ka.

Tambayi babba mai zaman wuri ɗaya: mai shago, mai shayi, mai cajin waya, mai wanki da guga. Su suna ganin komai. Ka tambaya kai kaɗai, ba a gaban majalisa ba, kuma ka tabbatar masa sunansa ba zai fito ba, domin iyayen yaran su ne masu cinikinsa. Sai ka gani da idonka ta ramin leƙe aƙalla sau biyu kafin ka ambaci ɗan wani. A kowace tawaga akwai jagora guda, galibi ɗan shekara goma zuwa sha uku, kuma ba lallai shi ke bugawa ba, shi ke tsayawa nesa yana tura ƙanana. Shi kake nema.

Zuwa wurin uban

A nan ne abin ke lalacewa, har rigimar yara ta koma gabar manya ta shekaru. Kada ka je ranar da aka yi, ranka a ɓace. Kada ka riƙo yaron a kunne ka ja shi zuwa gidansu jama'a na kallo, domin uban da aka kunyata a bainar jama'a ɗansa zai kare ko ya san shi ne. Kada ka tura matarka wurin uwar yaron da zafi, faɗan mata a kan 'ya'ya ba ya mutuwa da wuri. Kada kuma ka tayar da maganar a sahun masallaci.

Ka bari sai an fito sallar isha'i ko asuba, ka bi shi ku ɗan taka tare, ko ka yi masa sallama a zaure. A gaisa sosai, a tambayi iyali da aiki da kasuwa. Sa'an nan ka kawo maganar a matsayin neman taimako: “Malam, wata 'yar magana ce, ba ta kai ta kawo ba. Ɗiyanmu ne ke wasan bugun ƙofa da magariba, kuma Hajiya tsohuwa tana gida, hawan jini gare ta, duk bugu sai ta firgita. Na ga har da na wajenka a ciki, na ce gara in faɗa maka da kaina, kada ka ji a bakin wani.” Ka lura da abu uku a nan. An ce ɗiyanmu, ba ɗanka ba. An faɗi cutarwar da wasan ke yi ga wani takamaiman mutum, kuma ta zama gaskiya, jariri ne ko majinyaci ko mai aikin dare, kada ka ƙirƙira. An kuma ce har da shi, ba shi kaɗai ba.

Bidiyon ya zauna a aljihunka. Sai in ya ce ɗansa ba zai aikata ba, sa'an nan ka nuna masa, shi kaɗai, ka goge a gabansa in ya nema. Wanda ya fara da zaro waya ya zo shari'a ne, kuma amsar shari'a za a ba shi. Sa hoton ɗan mutane a Facebook ko zauren WhatsApp na unguwa kuwa, wannan ya rufe ƙofar sulhu gaba ɗaya.

Kafin ka tashi ka roƙi abu guda: kada a doke shi. Mutane na ganin wannan sanyin hali ne, alhali lissafi ne. Yaron da aka zane saboda kai zai rama, kuma ramuwar ba bugun ƙofa ba ce, sace iskar tayar babur ce, ko ƙasa a cikin kwaɗo. Abin da ya fi aiki shi ne uban ya turo shi ya gaishe ka. In ya zo, kira shi da sunansa, tambayi ajinsu da izu nawa ya kai, ka sallame shi ba wa'azi. Bayan kwana biyu ka aike shi shago, ka bar masa canji. Yaron da ka san sunansa da na ubansa ba ya jin daɗin laɓe maka. In gidan marayu ne ko uban yana ci-rani, kawu ko yayan yaron za ka nema, uwa kuma a tura mata dattijuwa.

In yaran daga wata unguwa suke, malamin Islamiyyarsu ya fi kowa. Ba sai ka ba shi suna ba, ka roƙe shi ya yi musu darasin ladabin sallama: aya ta 27 a Suratun Nur, da hadisin neman izini sau uku, da wanda ya hana Musulmi ya firgita ɗan'uwansa. In uba ya ƙi ji har sau biyu, sai mai unguwa, kuma ka je da wani maƙwabcin da abin ya shafa, kada ta zama ƙarar mutum ɗaya.

Abin da ba a yi ko kusa: jona wa get wutar lantarki, watsa ruwan zafi ta saman katanga, sakin kare, binne ƙusa ko fasasshiyar kwalba. Waɗannan kan nakasa ko su kashe, sau da yawa ma ba mai laifin suke samu ba, kuma kai za ka tsaya gaban alƙali.

Ɓarnar da aka riga aka yi tana da sauƙin gyara. Kwaɗon da aka cusa wa ƙasa a wanke shi da kananzir, ya bushe, a goga bakin fensir a jikin makullin a zura a zare. Kada a zuba baƙin mai ko man gyaɗa, ƙura za ta manne ta zama laka. A rufa masa guntun robar tsohon tif. In sufa gulu aka ɗura, ruwan goge jan farce kan narkar da shi, in ya ƙi a yanke kwaɗon. Rubutun gawayi a bango a fara kakkaɓe shi da busasshen buroshi kafin a sa ruwan omo, in ka fara da ruwa baƙin zai shiga fenti.

Duk wannan na bugun rana ne da farkon dare. Yadda tsaro yake a Zamfara da wasu sassan Kebbi, bugun ƙofa bayan ƙarfe sha ɗaya ba a ɗaukarsa wasan yara ko da muryar yaro ka ji, kuma ba a buɗewa don a leƙa. Kira maƙwabcin da ke kallon ƙofarka ya duba ta tagarsa, ka kira 'yan sintirin unguwa, da safe a sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa. In bincike ya nuna yara ne, a tara iyayensu a ranar a gaya musu ƙarara cewa akwai gidajen da mai su ke kwana da adda ko bindigar toka a bayan ƙofa, kuma ba zai tsaya tambayar shekarun mai bugu ba.