Kurakuran da muke yi in mota ta ɗauki zafi

Wallahi na gaji da ganin abu ɗaya duk shekara. Da bazara ta shigo, daga watan Maris zuwa Mayu lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, sai ka ga motoci jere a gefen hanya an ɗaga bonet tururi na tashi, mai mota riƙe da fiya wata yana tsiyayawa. Kuma in ka tsaya ka tambaya, kusan kuskure ɗaya ne ake ta maimaitawa.

Bari in fara da wanda ya ci mani kuɗi. Na taso daga Daura zan dawo Katsina bayan azahar, kafin in kai Mashi na ga allurar zafi ta wuce tsakiya tana hawa, na ce bari dai in lallaɓa in kai gari tunda akwai iyali a motar ga rana. Can sai na ga allurar ta sauko da kanta, har na ce Alhamdulillah ta huce. Ashe ruwan ne ya ƙare ƙaf, shi kuma abin da ke auna zafin a cikin ruwa yake aiki, in babu ruwa ƙarya zai faɗa maka. Ban yi nisa ba mota ta rage ƙarfi, wani wari kamar na ƙonannen roba ya cika ciki, ta mutu. Na buɗe bonet, na samo ruwa mai sanyi a wajen wasu bayin Allah na ɗura mata nan take. Bakanike da ya kwance ya ce, "Alhaji, ai da hannunka ka ƙarasa ta." Gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone, kan silinda ya lanƙwashe, don na alminiyam ne kuma ba ya jure a dafa shi sannan a watsa masa sanyi. Abin da ya jawo duk wannan kuwa wani ɗan tiyo ne da ya tsage a ƙasa, wanda kuɗinsa bai kai na man da na sha a tafiyar ba. Sati biyu motar na gareji.

Don haka in allura ta doshi ja, ka kashe AC, ka gangara gefe, ka kashe inji. Babu zancen saura kaɗan in kai. Ka ba ta aƙalla rabin awa, ni sai na iya riƙe tiyon sama da hannuna nake taɓa murfin lagireto, kuma da tsumma, a hankali. Murfin nan matse ruwan yake yi, shi ya sa ruwan ke wuce digiri 100 bai tafasa ba, kana buɗewa da zafi zai yi tsartuwa ya wanke maka fuska da hannu. Na ga yaron gareji da fatar hannunsa ta saɓule a kan haka.

Sai kuma maganar cire tamostat da haɗa fanka dairek ta riƙa juyawa ba tsayawa, wanda ya zama kamar al'ada a wurinmu. Ka sayo mota 'yar Kwatano lafiyarta lau, tun ba ta yi komai ba a ce maka ai wannan na ƙasar sanyi ne a cire. Haba jama'a. Aikin tamostat shi ne ya rufe hanyar ruwa har inji ya ɗumama, ya buɗe in zafin ya kai wajen digiri 80 zuwa 90, a nan ne inji ya fi aiki daidai. In ka cire shi, da sanyin hunturu injin zai daɗe bai ɗumama ba, mota ta riƙa shan mai fiye da ƙima, inji na cinyewa a hankali. Na san akwai makanikai da yawa da ba za su yarda da ni ba, amma ni dai motata ba a cire mata. In ana zargin ya maƙale, a jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta a gani, in ruwa ya kusa tafasa bai buɗe ba a sayo wani. Babban abin haushin shi ne cirewar ɓoye ciwo take yi, lagireton da ya toshe yana nan a toshe, ranar da ka hau hanyar Kano da kaya zai tona maka asiri wajen Kankiya.

Kuma don Allah ku daina sayen kaya kafin a gano ciwon. Mutum ya canja lagireto, ya canja famfon ruwa, ƙarshe a gano fiyus ne ya ƙone. Ka lura da lokacin da take zafin tukunna. In a cunkoso take yi, misali wajen Ƙofar Ƙaura da yamma, amma da ka samu hanya ta huce, to fanka za a duba, a kira rewaya ya ga fiyus da rile da ɗan injin da ke juya fankar. In kuwa sai ka take ta a babbar hanya take hawa, a duba toshewar lagireto ko famfon ko ƙarancin ruwa. In kullum sai ka ƙara ruwa da safe, yoyo ne, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta da dare ka ga inda ya jiƙe. In babu ɗigo a ƙasa amma ruwa na tafiya, duba baƙin mai, in ya koma kamar shayi mai madara, ko salansa na fitar da farin hayaƙi bayan inji ya yi zafi, ko ruwan lagireto na ta kumfa, gasket ne, kada ka ƙara tuƙa ta.

Ruwan rijiya da na bohol zalla shi ke kawo tsatsa da dattin da ke toshe ƴan hanyoyin lagireto, a sa kulan, wato ruwan sanyaya inji na musamman. Ni ko ruwa zan ƙara a kan hanya, ina isa gida nake sa a juye.

Masu fasa ƙwai ko zuba garin barkono don toshe yoyo, ku ji tsoron Allah, inda bai kamata ba ma yana toshewa.

Murfin lagireto in robarsa ta mutu a canja, mai araha ne amma shi kaɗai yana sa ruwa ya tafasa. Bayan an juye ruwa a tabbatar an fitar da iska, in ba haka ba za ta ci gaba da zafi kuna ta neman dalili. Ƙurar hunturu da ledoji da ke liƙewa a gaban lagireto kuma a wanke, amma ba da ruwa mai ƙarfi na wajen wankin mota ba, lanƙwashe ƴan fikafikan yake yi. Ni duk Juma'a da safe kafin in tada mota nake duba ruwa da bel, in matsa tiyo da hannu in ji ko ya yi laushi ko ya fara tsagewa, musamman na ƙasan nan da ido ba ya kaiwa.