Ganyen kale: wanda za ku zaɓa da yadda za ku auna shi

Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san ba a ɗora ganye a sikeli. A Kasuwar Dole kashi-kashi ake kasa shi, ka ce a ba ka na dala ashirin, mai ganye ta ƙara maka gyara. Busasshen zogale kuwa da tiya ake aunawa. To ƙannena da kuka sauka Faransa, Beljiyam, Jamus ko Amurka kwanan nan, a nan nauyi ake saye, kuma ɗanyen zogale da rama sai an taki sa'a. Ganyen da ya fi tsaya mana a madadinsu, musamman da hunturu, shi ne kale. Dangin kabeji ne, sai dai ba ya dunƙulewa. Alayyafon Turawa da kowa ke fara rugawa gare shi, da ya ji wuta sai ya narke. Kale kuwa yana da jiki, yana jure tafasa da turare, shi ya sa yake shiga kwaɗo da dambu.

Wanda za ku fi gani shi ne mai nannaɗaɗɗen baki, kore shar, mai kauri. A Jamus an rubuta masa Grünkohl, a Holan da arewacin Beljiyam boerenkool, a Faransa chou kale. Ku kula a Faransa, in kun ce chou frisé kawai ana iya miƙo muku dunƙulallen kabeji mai tamoji, ba shi kuke nema ba. Kale mai nannaɗewar shi ne na kwaɗo, domin dakakken ƙuli-ƙuli da yaji suna maƙalewa a lungunansa, kowace loma da ɗanɗanonta. Yana da ɗan ɗaci, amma in sanyi mai ƙanƙara ya buge shi a gona sai ya ƙara zaƙi, don haka na Disamba da Janairu ya fi na farkon kaka daɗi.

Na biyu dogo ne siriri, korensa ya yi duhu har ya kusa baƙi, jikinsa gurji-gurji. Asalinsa yankin Toskana ne a Italiya, ana rubuta masa cavolo nero, a Amurka kuma lacinato. A ganina babu kamarsa a dambu. Ku jera ganyen, ku naɗe, ku yanka siri-siri. Yana haɗuwa da tsaki ko kuskus ba tare da ya jiƙe shi ba, kuma bayan turare na biyu yana nan da launinsa. Ya ɗan fi tsada, amma ya ci kuɗinsa.

Akwai mai jan kara da ake kira Red Russian, ganyensa shimfiɗaɗɗe mai laushi, ya dace da miyar gyaɗa, sai dai saurin yaushi gare shi. Ƙananan ganyen da ake sayarwa cikin roba don salak kuwa ku bar wa masu su, tukunyarmu ba za ta san an zuba ba.

Wurin awo ne sabon zuwa ke ruɗewa. Ku fara duba takardar farashi: na kilo ne, ko na ƙulli guda? A wasu manyan shagunan Faransa kai za ka ɗora ledarka a sikeli, ka danna hoton ganyen, ƴar takarda ta fito ka manna. In ka isa wurin biya babu ita, sai a mayar da kai, layi na kallonka. In mai kayan lambu a kasuwar Faransa ya ce une livre, giram 500 yake nufi, haka Pfund a Jamus. Amma pound na Amurka giram 454 ne, ounce kuma giram 28 da ɗoriya.

Abin da sikelin shago ba ya faɗa muku shi ne har da kara kuka biya. Karan tsakiya yana da tauri, zare shi ake yi: ka riƙe gindin da hannu ɗaya, ka zuge ganyen da ɗayan. Wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyin a nan yake tafiya, kilo guda ya dawo giram 650 zuwa 700. Ido ma yaudara yake yi, domin mai nannaɗewar yana cika roba fam alhali iska ce rabinsa, in ya sha tafasar minti takwas zuwa goma aka matse sai ya koma ƴan dunƙule. Saboda haka ku sayi ƙaramin sikelin kicin, ku riƙa auna ganyen bayan an zare kara, kafin a wanke, tun da ruwa na ƙara nauyi.

Ga awon da nake bi. Kwaɗon da zai ƙosar da mutum huɗu, kilo guda da karansa. Dambun rabin kilo na kuskus, ganye zararre giram 300 zuwa 350, wato ku sayo rabin kilo. Miyar gyaɗa ta gida guda, giram 250 ya isa. Yankakken da ke cikin leda, irin na shagunan Holan, kusan duk nauyinsa ganye ne, sai ku rage awon, ku tsince guntayen kara. Kale ba shi da tsamin yakuwa, ku matsa lemun tsami ko ku zuba ruwan tsamiya. Yauƙi ma babu, kada a sa ran zai maye gurbin lalo ko kuka.

Na gwangwani ko na kwalba da aka riga aka dafa, a karanta bayansa da kyau. Jamusawa da mutanen Holan da naman alade suke cin wannan ganye, wani ma da kitsen alade ake dafa shi. Kalmomin da za ku lura da su su ne Schwein, Speck, Schmalz da varken. Daskararre wanda ganye ne zalla ba shi da matsala, ya kuma fi araha.

In kun yo sayayya da yawa, kada ku wanke, ku sa a leda cikin firij, zai kai kwana biyar. Ko ku tsoma shi a tafasasshen ruwa minti biyu, ku matse, ku ƙulla giram 250-250 ku daskarar. Wanda kuma yake shan maganin tsinka jini irin warfarin, ya gaya wa likitansa kafin ya mayar da kale abincin kullum, domin sinadarin bitamin K da ke cikinsa da yawa yana rage ƙarfin maganin.