Darasi na Bakwai: Idan Uwar Garken Gida Tana Mutuwa Ba Gaira Ba Dalili

Akwai wata ƙaramar kwamfuta da ake kira Raspberry Pi. Faɗinta kamar na katin banki ne. A Ingila aka ƙirƙiro ta, aka fara sayar da ita a 2012. Mutane da yawa suna ɗora mata manhajar Home Assistant, wadda kyauta ce, don ta riƙa kunna fitilun gida idan magariba ta yi, ta kashe famfo idan tanki ya cika, ta tada fanka idan ɗaki ya ɗauki zafi. Tun da ita ce ke ba sauran na'urorin gida umarni, ana kiranta uwar garke. Ba ta barci, dare da rana tana kunne.

To wata rana sai ka danna wayarka, shiru. Fitila ba ta kama ba. Ka je ka zare wayar wuta ka mayar, ta tashi lafiya lau. Bayan kwana biyu ta sake yin haka. Mai gida ya ce, “Haka kawai take mutuwa.” Ruwa ba ya tsami banza. Akwai dalili, kuma a wannan darasi za mu koyi yadda ake bin sawunsa.

Kayan aikinka na farko littafi ne da biro. Duk lokacin da ta mutu, kafin ka taɓa komai, rubuta rana da lokaci. Rubuta ko an ɗauke wuta, ko an tada janareto, ko ana tsakiyar zafin rana. Sannan ka sunkuya ka dubi ƙananan fitilu biyu da ke jikinta. A Raspberry Pi 3 da 4, jar fitila ta wuta ce, koriya kuma tana ƙyaftawa idan ana karanta katin memori ko ana rubutu a kansa. Rubuta abin da ka gani. Yawancin mutane sukan yi gaggawar zare waya su mayar, da haka suke share shaidar da za ta taimake su.

Ka kuma tabbatar mutuwar gaske ta yi. Shafin Home Assistant yana buɗewa ne ta lamba 8123 a ƙarshen adireshi. Idan ya ƙi buɗewa, canza lambar zuwa 4357. In wannan shafi na biyu ya buɗe, kwamfutar tana raye, manhajar ce ta maƙale. In duka biyun sun ƙi, duba akwatin intanet na gidan, ko wayar da ta haɗa su ta sassauta.

Yanzu mu zo kan wuta, domin a nan na fi so ka daɗe. Raspberry Pi 4 tana bukatar caja mai ba da bolt 5.1 da amp 3. Ta 3 tana bukatar amp 2.5. Lambar bolt da ta amp da caja ke bayarwa a rubuce suke da ƙananan baƙaƙe a bayan kowace caja, ka ɗauko taka ka karanta. Idan ƙarfin wutar da ke shiga ya sauka ƙasa da bolt 4.63, kwamfutar tana ɗaukar hakan a matsayin ƙarancin wuta, jar fitilar nan ta mutu ko ta riƙa ɗaukewa tana dawowa. Cajar wayar hannu takan yaudari mutum a nan. Waya tana da batir, in wuta ta ragu na ɗan lokaci ba za ka sani ba. Wannan kwamfuta ba ta da batir. Ƙiftawar ido ɗaya ta ishe ta faɗuwa.

Ni kaina na sha wannan wahala kusan wata guda. Tawa takan mutu sau biyu ko uku a mako. Na zargi manhaja, na sake ɗora ta tun daga farko, ba ta canza zane ba. Da na fara rubutawa a littafi, sai na ga duk mutuwar tana faɗowa ne jim kaɗan bayan an juya gidan zuwa janareto, daidai lokacin da firij yake tashi. Wani dare na zauna a gabanta na zuba wa jar fitilar ido. Firij yana yin gurnani, fitilar ta ɗauke. Cajar da nake amfani da ita ta tsohuwar waya ce, igiyarta siririya kuma doguwa. Siririyar igiya tana cinye wuta a hanya ko da kan cajar mai kyau ne. Na sayi caja mai amp 3 da gajeriyar igiya mai kauri, na mayar da ita layin inbata, maganar ta ƙare.

Kwamfutar ma tana rubuta nata rahoton. A cikin Home Assistant, shiga Settings, sai System, sai Logs. Da Turanci yake, amma ba sai ka fahimci komai ba. Nemi lokacin da ka rubuta a littafinka, ka dubi layukan da suka zo gab da shi. In ka ga “Undervoltage detected”, ma'anarsa an ga ƙarancin wuta. Ɗauki hoton wurin da wayarka don nuna wa wanda ya fi ka sani.

Abu na biyu shi ne zafi. Idan ƙwaƙwalwar Raspberry Pi ta kai digiri 80, tana rage gudu da kanta don kada ta lalace, a digiri 85 kuma ta ƙara ragewa sosai. Sai ka ga komai yana jan ƙafa kamar ta mutu. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40 a inuwa, kwamfutar da aka kulle a durowa ko aka ajiye kusa da rufin kwano ba ta da inda za ta sha iska. Fito da ita sarari, a sa mata ƙaramar fanka da ƙarfen nan mai tsaga-tsaga da ke janye zafi. Bayan hunturu a kashe ta, a buɗe, a share ƙura da busasshen buroshi mai laushi.

Na uku, katin memori. Home Assistant tana rubuta duk motsin da ya faru a gida, kowace fitila, kowane ma'aunin zafi, tana ajiye tarihin kwana 10. Rubutu ba dare ba rana yana gajiyar da kati, ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu kuma tana ɓata abin da ke ciki. Shi ya sa matsalar wuta, in an bar ta, takan haifi matsalar kati. Alamarsa ita ce kwamfutar ta daɗe ba ta tashi ba, ko ka yi gyara yau gobe ka tarar ya ɓace. Nemi kati mai alamar A2 a jikinsa, mai girman gigabait 32 ko fiye, daga shagon da ka amince da shi, domin jabu sun yi yawa a kasuwa. Wanda yake da hali ya koma faifan SSD, wato ma'ajiyar bayanai da ake jona wa kwamfutar a madadin kati, ya fi juriya nesa ba kusa ba. Amma ka sani shi ma daga jikin kwamfutar yake shan wuta, don haka da raunanniyar caja ƙara dagula lamarin zai yi.

In wuta da zafi da kati duk lafiya, tuna abin da ka ƙara kwanan nan. Raspberry Pi 3 gigabait 1 kacal take da shi na wurin aiki, wato memorin da manhajoji ke amfani da shi yayin da suke gudana, ƙarin manhajoji masu nauyi kamar na kyamara suna iya cika shi har komai ya tsaya. Kashe na baya-bayan nan ka gani.

Ina roƙonka da abu biyu. Kafin kowane gyara, shiga Backups ka yi kwafin ajiya, ka sauke shi a wayarka ko wata kwamfuta, kada ka bar shi a katin da kake zargi. Sannan ka canza abu ɗaya tak, ka jira. In ta saba mutuwa duk bayan kwana uku, ba ta mako guda kafin ka ce ta warke. Wanda ya canza caja da kati da fanka rana ɗaya, ko ta gyaru bai san me ya gyara ta ba, ranar da ta sake kuma sai ya koma farko.

Aikin gida: Ja layi huɗu a shafin littafinka. A saman kowane gida rubuta: rana, lokaci, halin wuta, launin fitila, abin da na canza. Ɗauko cajar da ke jikin uwar garkenka, ka kwafe lambar bolt da ta amp da ke bayanta a ƙasan shafin. Ka zo da littafin aji na gaba, za mu karanta tare.