Yadda Ake Gwada Ƙaramin Sigarin Lantarki Mai Cikon Ruwa Kafin a Rubuta Sharhi a Kansa

Yawancin sharhin da ake yi wa ƙananan sigarin lantarki a ranar da aka ɓare kwali ake rubuta shi, alhali kuwa wannan ce ranar da kusan kowannensu ke yin kyau, domin batir sabo ne, lagwanin auduga da ke cikin tanki fari tas, robobin da ke tare ruwan nikotin kuma ba su saki ba tukuna. Wanda zai riƙa yawo da na'urar a aljihu kullum ya fi bukatar labarin rana ta goma, lokacin da ɗanɗano ya fara dusashewa, danshi kuma ya fara taruwa a ƙarƙashin tanki. Saboda haka gwajin da za a bayyana a nan yana ɗaukar mako biyu aƙalla, kuma littafi da biro sun fi iya zance amfani a cikinsa.

Akwai sharaɗi kafin a fara. Wannan aiki na baligi ne wanda ya riga ya saba da nikotin, galibi mai shan taba da ke neman rabuwa da ita. Wanda bai taɓa sha ba bai kamata ya fara don ya samu abin rubutawa ba, domin nikotin na kama mutum da wuri, kuma tururin da na'urar ke fitarwa ba iska ce mai tsabta ba, ko da yake babu ƙonewar ganye a cikinsa. Mai juna biyu ma ta nisance shi. Dokoki kuma sun sha bamban: Birtaniya ba ta yarda a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, Amurka ta mayar da nata 21 tun Disambar 2019, Indiya kuwa ta haramta sayar da shi baki ɗaya a shekarar 2019. Mai gwaji ya fara sanin dokar inda yake.

Mataki na farko: a karanta kwali, a yi lissafi

Tun kafin a taɓa na'urar, a kwafe abin da kamfani ya yi alkawari a littafi: girman batir da ake rubutawa da mAh, yawan ruwan da tanki ke ɗauka da mililita, juriyar koyil (wayar da ke yin zafi ta mayar da ruwan tururi) da ake aunawa da om, da kuma irin bakin caja, wanda a sababbin na'urori galibi USB-C ne. A rubuta ko ana iya canja koyil shi kaɗai ko kuwa sai an jefar da tankin gaba ɗaya, domin wannan ne ke nuna abin da mai shi zai riƙa saye nan gaba. A duba ko akwai gargaɗi game da nikotin da takardar bayani, sannan idan akwai lambar tantancewa da ake kankarewa a jikin kwali, a gwada ta a shafin kamfanin, saboda jabu ya yi yawa a wannan kasuwa. Kayan da aka yi wa ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya tankinsu ba ya wuce mililita 2, ƙarfin nikotin ba ya wuce miligiram 20 a kowace mililita, kwalbar ciko mai nikotin kuma ba ta wuce mililita 10. Na'ura iri ɗaya tana iya zuwa da tanki mafi girma a wata kasuwar, don haka a faɗi wacce aka gwada.

Daga waɗannan lambobi ana iya hango abubuwa da dama. Batirin litiyam na irin waɗannan na'urori yana aiki ne a kusan bolt 3.7. Idan aka ninka 3.7 da kansa aka raba da juriyar koyil, za a samu kimanin ƙarfin wutar da yake ja: koyil mai om 1.2 yana cin kusan wat 11, mai om 0.8 kusan wat 17, mai om 0.6 kuwa kusan wat 23. Batir mai mAh 800 yana riƙe wutar da za ta iya ba da wat 12 na kimanin minti 15 a jere, wato daƙiƙa 900, kuma idan kowace zuƙa daƙiƙa 3 ce, an samu zuƙa 300 ke nan a takarda. A aikace ba ta kaiwa haka, domin wata wutar tana salwanta a hanya, wasu na'urorin kuma suna daidaita ƙarfin da kansu. Amfanin lissafin shi ne idan kwali ya yi alkawarin kwana biyu da caji ɗaya a kan koyil mai om 0.6, mai gwaji ya san inda zai sa ido.

Mataki na biyu: a duba ta a bushe

A riƙe ta, a girgiza, a saurara ko wani abu na motsi a ciki. A cire tanki a mayar sau da yawa don a ji ko maganaɗisun yana riƙewa da kyau, a kuma kifar da ita a ga ko tankin zai faɗo. A duba ko ana ganin matsayin ruwa ba tare da an cire tankin ba, domin robar da ta yi duhu sosai tana sa mutum ya ƙona lagwani bai sani ba. Idan tana da maɓalli, a tabbatar ana iya kulle ta, galibi da dannawa sau biyar a jere. Wannan mataki ba ya wuce minti goma.

Mataki na uku: a zaɓi ruwa ɗaya, a tsaya a kansa

A nan ne masu sharhi da yawa ke ɓata gwajinsu, domin sukan canja ruwa kowace rana, sannan su ɗora wa na'ura laifin abin da ruwan ya jawo. Ruwan ciko haɗi ne na sinadarai biyu da ake rubutawa PG da VG a jikin kwalba, tare da nikotin da kayan ɗanɗano. PG ya fi tsinkewa, yana ɗaukar ɗanɗano kuma yana ɗan kartar maƙogwaro. VG ya fi kauri, shi ne kuma ke ba da tururi mai yawa. Ƙananan tankuna suna da ƙananan ramukan da ruwa ke bi ya jiƙa lagwani, shi ya sa haɗin rabi da rabi ya fi dacewa da su. Ruwa mai kauri sosai ba ya isa ga audugar da sauri, sai a ji ƙauri, kuma wannan ba laifin na'ura ba ne.

Ƙarfin nikotin ma a fahimce shi da kyau. Kashi 2 cikin ɗari daidai yake da miligiram 20 a mililita, wato cikon tanki mai mililita 2 yana ɗauke da miligiram 40. Nau'in da ake kira gishirin nikotin, wanda aka haɗa da wani asid don ya yi laushi a maƙogwaro, yana sa a iya zuƙar mai ƙarfi ba tare da an ji zafinsa ba, kuma wannan laushin ne ke sa wasu su wuce kima. Idan aka ji tashin zuciya, jiri, ciwon kai, shaƙuwa ko bugun zuciya da sauri, a ajiye na'urar, a kuma rage ƙarfin ruwan kafin a ci gaba.

Ba a gwaji da ruwan da aka haɗa a ɓoye ko wanda ba shi da hatimi da jerin abin da ke ciki. Cutar huhun da ta ɓarke a Amurka a 2019, wadda ta kwantar da mutane dubbai a asibiti, an danganta ta ne musamman da wani nau'in man bitamin E da aka gauraya a ruwan wiwi na bayan fage. Ba a zuba mai kowane iri a cikin tanki.

Mataki na huɗu: ciko da jiƙa lagwani

A cika tanki, a lura da yadda aikin ya kasance: ko bakin kwalba ya shiga ramin, ko sai an cire tankin kafin a cika, ko murfin robar yana bukatar farce, ko hannu ya ɓaci. Abu ne da mai na'urar zai riƙa yi sau ɗaya ko biyu a rana, don haka ƙaramar wahala a nan takan zama babba bayan wata guda. Bayan an cika sabon tanki, a bar shi a tsaye minti biyar zuwa goma domin audugar ta sha ruwa. Wanda ya yi gaggawa ya zuƙa a bushe ya ƙona lagwanin, kuma ƙaurin ba ya fita har ƙarshen rayuwar koyil ɗin.

Mataki na biyar: zuƙa, batir da yoyo

Zuƙa iri biyu ce. Akwai wadda ake tara tururi a baki sannan a shigar da shi ƙirji, kamar yadda ake shan taba, akwai kuma wadda ake ja kai tsaye zuwa huhu. Ƙananan na'urori an fi yin su don ta farko. A gwada mashigar iska a rufe, a rabi, da a buɗe, a rubuta yadda tauri da ɗumin tururi ke sauyawa. Idan na'urar mai kunna kanta ce da zuƙa, a gwada ja a hankali ƙwarai a ga ko za ta amsa, a kuma saurara ko tana ci gaba da aiki bayan an cire baki, domin wannan aibi ne babba da ya kamata ya zo a farkon sharhi.

Game da batir, a cika shi taf, a rubuta lokaci, a yi amfani da shi yadda aka saba har ya mutu, sannan a rubuta awa nawa ya yi da kuma ruwa nawa aka sha a tsakani. A ganina wannan awo na biyu ya fi gaskiya, domin awa tana bin yawan zuƙar mutum, amma “caji ɗaya ya ƙarar da tanki ɗaya da rabi” magana ce da kowa zai iya kwatantawa da tasa. A maimaita sau uku. A lura ko ƙarfin tururi yana raguwa idan batir ya yi ƙasa, a auna tsawon lokacin caji, a kuma taɓa jikinta a ji ko tana yin zafin da ya wuce ɗumi. Ba a barin ta a caji a kwanta barci, ba a kuma barin ta cikin mota a rana.

Yoyo kuwa sai an neme shi. A kwantar da na'urar a kan farar takarda dare ɗaya, washegari a tsayar da ita, wata rana kuma a bar ta ta yini a aljihu ana tafiya da zama. Kowace safiya a cire tanki a duba gurbinsa. Ɗan danshi kaɗan tururi ne da ya koma ruwa, kusan kowace na'ura tana yin sa, gogewa kawai yake so. Amma idan ruwa ya kwanta a kan ƙarafan da ke haɗa wuta, ko yana tsartuwa cikin baki, ko ana jin ƙarar kurkura yayin zuƙa, wannan yoyo ne na gaske. Kafin a yanke hukunci a gwada tanki na biyu, saboda wani lokacin guda ɗaya ne ya zo da lahani. Mai tafiya a jirgin sama ya sani cewa sauyin matsin iska yana tura ruwa waje, kuma na'urar a jakar hannu ake riƙe ta, ba a sa ta cikin kayan da ke shiga ƙasan jirgi.

Mataki na shida: a jira koyil ya tsufa

Wannan shi ne dalilin mako biyun. Koyil yakan yi mako ɗaya zuwa biyu, ruwa mai zaƙi da yawa kuma yana gajarta kwanansa, domin zaƙin yana daskarewa a jikin wayar ya yi baƙi. A riƙa ƙirga ciko nawa aka yi, a rubuta cikon da ɗanɗano ya fara raguwa a kansa da wanda ƙauri ya bayyana, sannan a ninka da mililitar tanki. Da wannan adadi mai karatu zai san koyil nawa zai bukata a wata. Harshe ma yakan gaji da ɗanɗano ɗaya har ya daina jin sa, saboda haka idan aka yi shakka a sa sabon koyil da ruwan nan dai a kwatanta.

Mai shan taba ya ƙara layi ɗaya a littafinsa: kara nawa ya sha a kowace rana ta gwajin, da kuma lokutan da na'urar ta kasa kashe masa ƙishin taba. Ga wanda ke son barin taba, wannan layin ya fi duk wani bayani kan kyan launi muhimmanci. Haɗa taba da na'urar na dogon lokaci ba ya kawar da cutarwar taba, kuma ya dace a faɗi haka a fili.

Mataki na ƙarshe: rubutawa

A fara da faɗin yadda na'urar ta zo hannu, ko saye aka yi ko kamfani ne ya bayar kyauta. A bayyana ruwan da aka yi amfani da shi, ƙarfinsa, juriyar koyil da tsawon gwajin. A ware abin da aka auna daga abin da aka ji, domin daɗin zuƙa ra'ayi ne, amma mililita nawa koyil ya ɗauka kafin ya ƙone adadi ne. Kada a rubuta cewa na'urar ba ta da illa ko tana warkar da wani abu. Mai neman barin nikotin gaba ɗaya a nuna masa hanyar likita. A ambaci ko yaro zai iya cire tankin cikin sauƙi, domin ruwan nikotin guba ne ga ƙananan yara da dabbobin gida, kuma dole a ajiye shi inda hannunsu ba ya kaiwa. Idan na'urar ta mutu yayin gwaji, a rubuta ranar da abin da ya faru, sannan a kai ta inda ake karɓar tsofaffin batura, domin batirin litiyam yana iya kama wuta idan aka matse shi cikin shara.