Kurakuran da ke ɓata tanif a tukunya

Duk hunturu sai 'yan mata da amare sun zo mini da ƙorafi iri ɗaya: "Anti, tanif ɗin nan ɗaci gare shi kamar maɗaci." Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya. Tanif ɗan uwan kabeji ne, fari mai shunayya daga sama, kuma sanyi yake so, shi ya sa aka fi kawo mana shi daga wajen Jos. Ba shi da laifi, hannunmu ne ke ɓata shi.

Tun a kasuwa ake yin ɓarnar farko. Mun saba da doya, ido na kan ƙato. Shekarata ta farko a ɗaki, surukata ta zo daga Azare, na shiga kasuwar Muda Lawal ta Bauchi na zaɓo manya guda uku ina murna na yi ciniki. Na yanka su cikin farfesun rago, naman da maigida ya sayo musamman saboda ita. Hajiya ta kurɓi romo sau ɗaya, ta ajiye cokali a hankali, ta ce, "'Yar nan, ba ni ruwa." Ba ta ƙara ko kalma ba. Da na ɗanɗana a kicin sai hawaye: ɗaci ya shige naman, tanif ɗin kuma duk zare. Har yau abin na yi mini ciwo. Tsohon tanif ne ke yin haka. Ki nemi wanda bai wuce dunƙulen hannunki ba, mai nauyi, mai santsin baya, wanda in kin latsa ba ya loɓawa. In babba kaɗai kika samu, feraye shi da kauri, ki tafasa shi minti 5 a ruwan gishiri, ki zubar da ruwan. Ni dai haka nake yi, ko da wasu na cewa amfaninsa na bin ruwan.

Sai masu zuba shi tare da nama tun farko, su rufe tukunya ruf, su koma kan waya. Haba! Tanif ba ganda ba ne. In an yanka shi ƙanana, minti 10 zuwa 15 ya ishe shi. Da ya wuce haka sai ya narke, gida ya ɗauki warin kabejin da ya daɗe a wuta, yara su ƙi ci, ki ce ai dama abincin Turawa ne. Ki bari nama ya yi laushi tukuna, ki zuba shi daga ƙarshe, ki ɗan karkata murfi, ki tsaya a kansa. Da cokali mai yatsu ya shige, sauke. Kada ki cika ruwa kuma, shi ma yana fitar da nasa.

Ganyen ba na awaki ba ne. Ki yanke shi da zarar kin iso gida don kada ya tsotse ruwan saiwar, ki ɗan tafasa shi, ki yi miya da gyaɗa yadda kike yi wa alayyafo.

In za ki daka dafaffen tanif, kada ya tafi shi kaɗai. Kashi biyu dankalin Turawa, kashi ɗaya tanif, da ɗan man shanu.

Da yawa ba su san ana cin sa ɗanye ba. Wannan abu mai ruwan hoda da Larabawa ke sakawa a shawarma, tanif ne da aka jiƙa a ruwan gishiri da ruwan tsami. A gidana ƙananan nake gogawa tare da karas, in matsa lemon tsami, in barbaɗa dakakken ƙuli-ƙuli da ɗan yaji. Amma sai an kusa zama cin abinci nake sa gishiri, domin in ya jima a ciki ruwa yake saki.