Yadda Ake Bin Diddigin Tarihin Sojan Ostareliya Mai Lambar Yabo

Ɗalibin tarihi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da aka ba shi aikin rubutu a kan wani jarumin Yaƙin Duniya na Biyu ba ya bukatar barin Sakkwato, domin Ostareliya ta ɗora mafi yawan takardun sojojinta a intanet kyauta. Abin da yake bukata shi ne tsari. Za mu yi misali da Tom Derrick, sojan ƙasa na bataliya ta 2/48, wanda aka haifa a Adelaide a 1914.

Ka fara da lambar soja, domin suna yana iya zama na mutum goma, lamba kuwa ta mutum ɗaya ce. Lambar Derrick ita ce SX7964: harafin S yana nuna jihar Ostareliya ta Kudu inda ya shiga soja a 1940, X kuma yana nuna rundunar 'yan sa-kai da ake tura wa ƙasashen waje. Da wannan lamba za ka nemi fayil ɗinsa a shafin Hukumar Adana Takardun Tarihi ta Ostareliya, inda ake rubuta ranar ɗauka, ƙarin girma, rauni, jinya, har da horon ladabtarwa idan an yi wa soja.

Daga nan sai ka nemi takardar da ta bayyana dalilin ba shi lambar yabo, wadda ake bugawa a jaridar gwamnatin Ingila, London Gazette, idan lambar Victoria Cross ce. Derrick ya sami lambar jarumta ta DCM (Distinguished Conduct Medal) saboda faɗan Tel el Eisa a Masar a 1942, sannan ya sami Victoria Cross, wadda babu ta sama da ita, saboda abin da ya yi a Sattelberg ta Niyugini ranar 24 ga Nuwamba 1943, lokacin da, yana sajan, ya hau tudu mai wuyar hawa ya tarwatsa sansanoni goma na sojojin Japan da gurneti, alhali an riga an ba da umarnin ja da baya.

A nan ne ɗalibai da yawa suke tsayawa, kuma a ganina nan ne aikin yake farawa. Takardar yabo an rubuta ta ne domin ta gamsar da manyan hafsoshi, saboda haka mutum ɗaya take haskawa. Ka buɗe kundin yau da kullum na bataliyar a shafin Gidan Tunawa da Yaƙi na Canberra, ka karanta abin da aka rubuta kwana biyu kafin faɗan da kwana biyu bayansa, domin a can za ka ga ruwan sama, ƙarancin abinci, da adadin waɗanda suka mutu ba tare da an yaba musu ba. Jaridun zamanin suna rumbun intanet na Trove, na Laburaren Ƙasa na Ostareliya, amma ka tuna cewa an tace labarinsu saboda yaƙi.

Ranar mutuwa da wurin kabari kuwa Hukumar Kaburburan Yaƙi ta Ƙasashen Renon Ingila ce take tabbatar da su. Derrick ya mutu a tsibirin Tarakan da ke Indonesiya ta yau ranar 24 ga Mayu 1945, yana laftana, kabarinsa kuma yana tsibirin Labuan da ke Malesiya ta yau. Wannan hukuma tana riƙe da sunayen 'yan Nijeriya da suka rasu a yaƙin Bama (ƙasar Myanmar ta yau) cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, don haka idan a gidanku akwai tsohuwar takarda mai lambar kakanka, ka shigar da ita a shafin, ka kuma gwada rubuta sunan ta hanyoyi daban-daban, domin magatakardan Turawa sukan haɗa sunan soja da na garinsa, kamar Sokoto ko Argungu.