Yadda ake jan wasan binciken kisa da tuggun fada ba tare da 'yan wasa sun cije ba

Wannan rubutu na waɗanda suka riga suka saba zama kewaye da tabarma ne, da takardar gwarzo da ɗan lido mai fuska 20, wato masu buga Dungeons & Dragons ko wani wasan labari irinsa. Ba zan tsaya bayanin yadda ake ƙirƙirar gwarzo ko lissafin faɗa ba. Dungeons & Dragons ya fito ne a Amurka a 1974, kuma asalinsa an gina shi don a shiga kogo, a kashe dodo, a kwaso dukiya. Shi ya sa duk ranar da sabon mai jan wasa, wato wanda ke tsara labarin yana jagorantar zaman, ya ce zai kawo kisan gilla a cikin fada, dokokin ba sa yi masa rana sosai.

Abin da nake gani a nan Kano iri ɗaya ne, ko a soron gida ake zaman cikin birni ko a ɗakin ɗalibai a Ɗanbare. Zaman farko ya yi armashi, an tsinci gawa, kowa ya zaƙu. Kafin zama na uku an yi tsit, biyu suna latsa waya, ɗaya yana cewa a kama duk wanda ake zargi a yi masa dukan kawo wuƙa har ya faɗi gaskiya. Mai jan wasa kuma yana ta cizon yatsa, don ya san amsar tana nan cikin takardarsa, babu ta inda za ta fito. Ga yadda ake kauce wa hakan.

Mataki na farko: rubuta ainihin abin da ya faru

Kafin ka zana taswira ko ka raɗa wa kowa suna, ɗauki takarda ka rubuta wanda ya yi kisan, da dalilinsa, da ta inda ya shiga, da abin da ya bari a baya bai sani ba. Shafi ɗaya ya isa. Akwai masu cewa a bar makashin a buɗe, duk wanda 'yan wasa suka fi zargi sai a ce shi ne. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. 'Yan wasa suna ganewa, kuma daga ranar da suka gane ba za su sake wahalar da ƙwaƙwalwarsu ba.

Ga misalin da zan yi ta amfani da shi. Sarki ya tsufa, yana kwance rai a hannun Allah. Galadima ƙanin sarki da Ciroma ɗan sarki kowa na harin gadon. An wayi gari an tarar da Ma'aji a mace a soronsa, shaƙe shi aka yi. Gaskiyar da kai kaɗai ka sani ita ce Galadima ya daɗe yana karkatar da kuɗin da ake karɓa daga fatake a ƙofar gari, yana yi wa masu zaɓen sarki hidima da su. Ma'aji ya ga giɓin a littafinsa, ya ce sai ya kai maganar gaban sarki. Wani barden Galadima ne ya shiga da tsakar dare. Wata jakadiya ce ta bar masa ƙofar baya a buɗe, a zatonta littafi kawai za a sace. Ma'aji ya farka, aka yi kokawa, ya damƙi rawanin barden kafin ya cika.

Jera lokutan daren: faɗuwar rana, tsakar dare, carar zakara ta farko, kowa ina yake a kowanne. Addini kuwa ka bar shi a wajen wasa gaba ɗaya. Duniyar tatsuniya ce, a bar ta a tatsuniya.

Mataki na biyu: gina fadar

A nan mu 'yan Kano mun fi kowa gata, don ba sai mun aro fadar Turawa ba. Tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ake maganar majalisar Tara ta Kano. Muna da masu zaɓen sarki huɗu: Madaki, Makama, Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Muna da manyan bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, waɗanda a da suke kusa da kunnen sarki fiye da hakimai da yawa. Wanda yake son ya ga yadda gida ɗaya ke darewa biyu ya karanta labarin Basasa: Sarki Bello ya rasu a 1893, Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur, Yusufawa, wato magoya bayan Yusufu da shi ma ke neman sarautar, suka fice zuwa Takai, Yusufu ya rasu Aliyu Babba ya karɓi jagoranci, ba a gama ba sai 1895 da mutuwar Tukur. Abin ɗauka a nan shi ne akwai wani iko daga waje da ke da ta cewa a naɗin, kuma mutane suna sauya sheƙa idan suka ga inda iska ke kaɗawa.

Amma tsarin kaɗai za ka ara. Birninka na ƙirƙira ne, gidajen sarautarsa na ƙirƙira ne. Maganar sarauta a Kano ba abin wasa ba ce, kuma ba ka san jikan wa ke zaune a kan tabarmarka ba.

Kada ɓangarorin su wuce uku, kada waɗanda ake zargi su wuce biyar. Kowane mutum ka yi masa kati. Ba sai ka sayi komai ba, yanka kwalin sabulu ya wadatar. A gaba sarautarsa da yadda yake magana, a baya abin da yake so, abin da yake tsoro, da ƙaryar da zai yi. Kowa a fada yana da ƙarya, amma mutum ɗaya ko biyu ne kawai ƙaryarsu ta shafi kisan. Ciroma zai ɓoye inda ya kwana saboda yana ganawa da manzon wani sarki maƙwabci. Sarkin Kasuwa zai rantse bai san komai game da kuɗin ƙofa ba saboda shi ma yana lasa. Jakadiya tsoro ne ya rufe mata baki.

Mataki na uku: shimfiɗa alamomi

Nan ne kusan kowa ke faɗuwa, don haka zan daɗe a kai.

Sabon mai jan wasa yakan ɓoye alama guda ɗaya tak mai kai wa ga makashi, sannan ya ce a jefa ɗan lido kafin a gan ta. Ɗan wasa ya ce, "Zan duba gawar." Aka ce ya jefa. Ya jefa, 4 ta fito. "Ba ka ga komai ba." Shi ke nan, labarin da aka kwana ana rubutawa ya mutu a jifa ɗaya. Daga nan sai mai jan wasa ya fara kame-kame, ya ce wani ma ya gwada, kowa ya jefa har a samu mai sa'a. Idan dai dole sai an ga abin, mene ne amfanin jifar tun farko?

Dokata ita ce, duk alamar da labari ba zai ci gaba ba sai da ita, ba a jefa mata ɗan lido. Wanda ya ce zai duba hannun gawa, ka gaya masa kai tsaye: tafin hannun Ma'aji da ƙarƙashin faratansa duk shuni ne, baƙi-baƙi mai ƙyalli. Jifa tana zuwa ne don ƙari. In ya ci, sai ka ce wannan ba shunin rini na yau da kullum ba ne, irin na rawanin ɗan Kura ne wanda aka buga har ya yi sheƙi, mai zuba a jikin duk wanda ya taɓa shi, kuma ba kowane talaka ke iya sayensa ba. In ya faɗi, yana da shunin a hannu, sai ya tafi marina ya tambayi masu bugu. Ko ta yaya wasa bai tsaya ba.

Na biyu, alama ɗaya ba ta isa. Wani marubucin harkar wasannin nan, Justin Alexander, ya yi bayanin wannan a 2008: duk abin da kake so 'yan wasa su gano, ka ajiye masa alamomi aƙalla uku, don ta farko za su wuce ta, ta biyu za su yi mata gurguwar fahimta. Ka yi wa kowane sirri ƙofofi kamar ganuwar Kano, wanda bai shigo ta Ƙofar Nassarawa ba zai shigo ta Ƙofar Mata ko ta Na'isa. A misalinmu, sirrin farko shi ne makashin mutumin gidan Galadima ne. Ga shuni a hannun gawa, kuma kowa a gari ya san Galadima ya raba wa baradensa sababbin rawuna. Ga mai gadin ƙofar unguwa da ya ga doki mai ɗauke da shaidar bargar Galadima a ɗaure cikin lungu. Ga wanzamin da aka tasa da asuba ya yi wa wani barde maganin yakushi a wuya. Sirri na biyu, wato dalilin kisan, shi ma uku: shafukan da aka yage daga littafi, magatakardan Ma'aji da ya ɓuya a gidan gwaggonsa, da madugun fatake da ke riƙe da shaidar biyan kuɗin da ba su taɓa shiga baitulmali ba.

Ka lura, yawancin alamomin nan mutane ne. Mutum ya fi takarda daɗin bincike, don ana iya lallashinsa, a ba shi goro, a tsorata shi, ko a yi masa alkawarin da za a zo ana da-na-sani. Ka bar 'yan wasa su yi maganar da bakinsu. Na ga wata ɗaliba ta durƙusa a wasa gaban jakadiya ta ce, "Iya, ba don in tona miki asiri na zo ba. Wanda ya shaƙe Ma'aji ya san kin san shi, kina ganin zai bar ki ki kai sati?" Irin wannan magana ba a ce mata jefa ɗan lido. Jakadiya ta fashe da kuka ta faɗi rabin gaskiya, haka ya kamata.

Kada ka ƙirƙiri alamun bogi don ka ɓatar da su. Ƙaryar Ciroma da ta Sarkin Kasuwa sun isa ruɗani, su kansu 'yan wasa za su ƙaro nasu. Za ka ji sun shafe rabin awa suna zargin mai dafa wa sarki abinci saboda kawai ka ce ya yi tari. Ka ƙyale su, amma in sun je wurinsa ka wanke shi da wuri, ka kuma sa a bakinsa wata magana da za ta mayar da su kan hanya.

In duk da haka suka cije, makashi ne zai motsa. Barde ya ji ana tambayar masu bugu, sai ya aika a ƙone rumfar. An kai wa magatakarda hari. Duk motsin mai laifi sabuwar alama ce, kuma masu son faɗa sun samu nasu rabon.

Mataki na huɗu: sihirin da ke rusa bincike

A bugu na biyar na wasan, wanda ya fito a 2014, akwai sihiri biyu da ke tayar wa sababbi hankali. Na farko shi ne na tambayar gawa. Karanta dokarsa da kyau: tambaya biyar ce kacal, gawar abin da ta sani tana raye kaɗai ta sani, amsarta gajera ce mai harshen damo, kuma ba a sake yi mata sai bayan kwana 10. Ma'aji a cikin duhu aka shaƙe shi, bai ga fuska ba, amma ya ji ƙanshin turare ya kuma san abin da ke cikin littafinsa. Na biyu da'irar gaskiya, wadda duk wanda sihirinta ya kama ba ya iya ƙarya a cikinta. Wanda ke ciki ya san an yi masa, yana iya yin shiru ko ya kewaye. Galadima zai ce, "Ban taɓa Ma'aji da hannuna ba," kuma gaskiya ya faɗa. Balle ma wa ya isa ya ce wa Galadima ya shiga da'ira a gaban fadawa? In akwai wanda zancen tambayar gawa bai kwanta masa ba a cikinku, cire shi tun kafin a fara, babu abin da zai ragu.

Mataki na biyar: sa musu wa'adi

A al'adarmu gawa ba ta jira. An tsince ta da safe, kafin rana ta yi sanyi an kai ta makwanci, don haka duk abin da za a duba a jikinta yanzu ne. Ranar uku manya za su taru gaisuwa, nan ne za a ga wa ke zama kusa da wa. Ranar bakwai masu zaɓen sarki za su gana, tunda jikin sarki ya ƙi. Rubuta kwanakin a takarda ka ajiye tsakiyar tabarma, ka riƙa soke su ɗaya bayan ɗaya. Bayan kowane zama a samu mai tura taƙaitaccen abin da aka gano a WhatsApp, in ba haka ba kafin sati ya zagayo an manta wa ya ce me.

Mataki na shida: rufewa

Gano makashi rabin aiki ne. Sauran shi ne wa za a gaya wa, kuma da wace hujja. In suka kai wa Ciroma, ya samu gadon, amma manzon maƙwabta na jiran ladarsa. In suka fasa ƙwai a gaban majalisa, biyu daga cikin masu zaɓe sun ci kuɗin. Galadima kuwa zai iya miƙa barden a kashe, ya yi musu tayin sarauta. Shirya abin da kowane ɓangare zai yi a kowane hali, layi biyu-biyu, kada ka zaɓa musu. Ka ware zama guda cur don wannan, kuma a fara da wuri, don mahawarar da za su yi a tsakaninsu kafin su shiga fada ita kaɗai takan ci awa guda.